Mai Wayarin da Ya Kashe Fitilar Gargaɗi

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai gyaran wutar mota, irin waɗanda ake kira masu wayarin. A garejin da yake aiki Likita ake ce masa, kuma ba a banza ya sami sunan ba.

Rumfarsa tana can ƙarshen gareji, kusa da mai faci. Ba ta da wani kayan a zo a gani. Benci ne guda da baƙin mai ya rine, sai wayoyi rataye a jikin ƙusa, sai akwatin ƙarfe da yake ajiye kayan aikinsa. A cikin akwatin akwai mita mai waya biyu, ja da baƙa, wadda yake auna wuta da ita. Akwai fitilar gwaji mai tsini. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari, ta karanto abin da ƙwaƙwalwar mota take kuka da shi.

Kun san motocin yanzu ba kamar na da ba ne. Kowace tana da ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwar tana da 'yan aike a ko'ina cikin inji, ana kiran su sansa. Wata tana gaya mata zafin ruwa, wata yawan iska, wata kuma juyawar inji. Idan ɗaya ta yi ƙarya ko ta yi shiru, mota ta rikice ke nan. Aikin Likita shi ne ya gano wadda ta yi ƙaryar.

Ya kuwa iya. Mota za ta gagari makanikai, a zazzage ta a mayar, a canza wannan a canza wancan, ƙarshe a turo ta gabansa. Shi ba ya gaggawa. Zai fara da batir, ya bi fis ɗaya bayan ɗaya, ya zare soket ya hura shi, ya sa tsinin mita ya zuba wa lambobi ido. Can sai ka ji ya ce, "Ga ta nan." Ya ɗaure wata 'yar waya da ɓera ya ci, a murza makulli, mota ta tashi.

Allah ya ba shi hannu, ya ba shi ido. Amma akwai abu guda da bakinsa bai taɓa koya ba. Bai iya cewa "ban sani ba." Yabo ya yi masa yawa har ya zame masa abinci. Idan aka ambaci wani mai wayarin a gabansa, sai ya taɓe baki ya ce ai wannan ɗaure waya kawai ya iya. Ya kai ga ganin cewa ranar da mota ta gagare shi, ranar sunansa ya mutu.

To, yana da ƙanwa, autar gidansu. Shi ya aurar da ita bayan rasuwar mahaifinsu, ga wani direban motar kaya, mutum mai sanyin hali da ba ka jin muryarsa sai ka matso. Direban nan Yaya yake ce wa Likita, ko da yake tsakaninsu babu wani nisan shekaru. Bulo da siminti yake ɗauka zuwa wuraren gini. Da motar nan yake ciyar da Auta da 'ya'yansu, har da tsohuwarsa da ke zaune tare da su.

Wata rana ya shigo gareji ya ce, "Yaya, motar nan ta ɗauko wani hali. Da safe lafiya lau. Amma in na yi tafiya ta ɗauki zafi, sai jar fitilar nan ta gaban sitiyari ta fara ƙyaftawa. Da na gani sai in gangara gefe, kafin in gama tsayawa ta mutu. In ta huce kuma ta tashi kamar ba ita ba."

Likita ya ce, "Ƙaramin abu ne. Je ka sha shayi ka dawo."

Ya jona na'urarsa, ta nuna masa cewa saƙon juyawar inji yana yankewa. Ya kwanta ƙarƙashin mota ya zare soket ɗin sansar, ya auna ta, lambar ta fito daidai. Ya auna wutar da ke zuwa mata, daidai. Ya duba wayar da ke komawa jikin ƙarfe, ita ma lafiya. Ya ga ɗan datti a bakin soket, ya wanke, ya matse, ya ce an gama.

Ba a jima ba motar ta dawo. Ya ce to sansar ce da kanta, ya sa aka sayo wata ya ɗaura. Ta sake dawowa. Ya kwance tef ɗin da ya naɗe wayoyin, ya bi su da yatsa tun daga inji har inda suka shige cikin mota, yana lanƙwasa su yana kallon mita, ko zai ga lambar ta motsa. Ko gezau. Ya tayar da injin ya bar shi yana aiki a tsaye har rumfar ta cika da hayaƙi, mota ta ƙi mutuwa. A gabansa ba ta da laifi ko ɗaya. Sai ta bar gareji ta hau titi da kaya, sannan ta tuna da ciwonta.

Abin ya fara cin Likita. Ya daina cin abinci da daɗi. A gida matarsa za ta yi masa magana, ya amsa da abin da ba shi ta tambaya ba. Yana sallah, zanen wayoyin motar nan yana yi masa yawo a kai. Ga kuma 'yan gareji, waɗanda ba sa barin abin dariya ya wuce su. Da an hango motar ta kunno kai, mai faci zai leƙo ya ce, "Likita, ga majinyacinka ya dawo. Ko ƙarin ruwa za a yi masa?" Mai fenti ya ce a'a, wannan sai dai a rubuta masa takardar babban asibiti. A yi ta dariya. Shi ma yakan yi yaƙen dole.

Kuma ya 'yan uwa, kada ku ɗauka bai san abin da ya kamata ya yi ba. Ya sani sarai. Ciwon da ba ya fitowa sai da zafi da jijjigar hanya, a kan hanya ake kama shi. Kamata ya yi ya rufe rumfa, ya ɗauki mitarsa ya shiga motar tare da direba, su yi ta tafiya har ta mutu, ya diro a take ya auna tun ba ta huce ba. Amma sai ya hango kansa tsugune a bakin titi gaban matacciyar mota, masu wucewa suna cewa, ashe Likita ma tura mota yake yi. Wannan hoton ne ya hana shi.

Akwai wani tsohon bakanike a garejin, abokin mahaifinsa ne tun suna samari. Ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, ka ce wa mijin ƙanwarka ya ajiye motar nan har a gane kanta. Ba abin kunya ba ne." Likita ya ce, "Baba, ka bar ni da aikina." Tsohon ya kaɗa kai ya koma wajen injin da yake kwancewa.

Ranar da abin ya faru, rana ta take sosai. Motar ta sake dawowa, wannan karon da igiya aka jawo ta. Direban ya sauko gumi sharkaf, ya daɗe yana tsaye yana murza hularsa, sannan ya ce a hankali, "Yaya, kada ka ji wani abu. Akwai wani mai wayarin da ya buɗe a bakin babban titi, an ce yana da manyan na'urori. Ko in kai masa ya ɗan leƙa, ko da shawara ce ku yi?"

Bawan Allah bai faɗi haka da wata manufa ba. Aikinsa ne ke tsayawa, masu gini sun fara kiran wasu. Amma a gaban mutane ya faɗa, kuma mai faci ya ji, har ya juya baya yana danne dariya.

Likita ya ji kamar an kwaɗa masa mari. Ya ce, "Ba inda za ta. Yau zan gama da ita."

Aka kira la'asar, gareji ya watse zuwa masallaci, direban ma ya bi su. Likita ya ce zai same su. Ya zauna a kujerar direba shi kaɗai, ya murza makulli, jar fitilar ta kama tana kallonsa. Duk baƙin cikin kwanakin nan ya taru a kan 'yar fitilar nan. Ya ce a ransa, ita ce ke tsorata mutumin nan, da ya gan ta sai ya taka birki ya rikita mota. Ya ce wataƙila ma sabon soket da zai ɗaura wa sansar yau ya magance abin. Ya ce in ma bai magance ba, ai mutuwa kawai take yi, ta huce ta tashi. Haka Shaiɗan yake yi, ba ya ce maka ka yi ɓarna, sai dai ya kawo maka dalilai masu kama da hankali.

Ya kwance murfin gaban sitiyari, ya lalubo wayar da ke kai wa fitilar wuta, ya datse ta, ya naɗe bakin da baƙin tef, ya tura ta ciki. Ya jona na'urarsa ya goge kukan da ƙwaƙwalwar ta ajiye. Ya canza soket ya mayar da komai. Kafin a sallame sallah ya gama.

Da direban ya dawo ya ga mota tana aiki, fitila a mace, sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Yaya, ka gano ciwon?"

"Na gano."

"Don gobe akwai bulo da zan kai can bayan gada, hanyar da gangara. In da saura gara in haƙura."

Nan ne Allah ya sake buɗe masa ƙofa. Kalma ɗaya ta isa. Amma mai faci na tsaye, mai fenti na tsaye. Likita ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Wallahi na gano shi, na kuma kashe shi. Ka ɗauki kayanka ka tafi ko'ina."

Kun ji, ya 'yan uwa? Ha'inci bai ishe shi ba, sai da ya jawo sunan Allah ya lulluɓe ha'incin da shi.

Washegari da hantsi direban ya yi lodin bulo ya kama hanya. Inji ya ɗauki zafi kamar kullum. Saƙon ya fara yankewa kamar kullum. Ƙwaƙwalwar motar ta aika a kunna fitila, amma babu wayar da za ta kai aiken. Da ta ƙyafta, da ya gangara gefe tun yana kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, kamar yadda ya saba. Bai ga komai ba, ya shiga gangaren da zuciya ɗaya. A tsakiyar gangaren injin ya ɗauke. Sitiyari ya sandare, birki ya yi tauri kamar dutse, nauyin bulo ya tura motar. Ta daki ƙarfen gada ta kife.

Bai mutu ba. An zaro shi da rai, amma ƙashin bayansa ya karye. Daga ƙugu zuwa ƙasa, likitoci suka ce sai dai haƙuri.

Likita ya je asibiti. Ya tarar da Auta zaune a ƙasa bakin gado, idanunta sun kumbura, mahaifiyarsu tana gefe da carbi. Majinyacin ya buɗe ido ya gan shi, ya miƙo masa hannu. Ya ce da ƙyar, "Yaya, kada ka sa wa ranka damuwa. Ba gyaranka ba ne. Wannan karon ko fitilar ba ta kama ba, ka ga wani ciwon ne daban."

Mutumin da ka karya yana ba ka haƙuri. Wace zuciya ce za ta ji wannan ba ta tsage ba? Likita ya buɗe baki, gaskiya ta zo masa har maƙogwaro. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi mahaifiyarsa, ya haɗiye ta. Ya ce, "Ƙaddara ce. Allah ya ba ka lafiya."

Ya ɗauka maganar ta mutu a nan. Amma da aka jawo gawar motar, garejinsu aka kawo ta, don a cire abin da zai ciru a sayar a yi wa mai ita magani. Tsohon bakaniken nan shi aka ba aikin. Yana kwance gaban sitiyari sai ga waya a datse, yankan almakashi ne ba na haɗari ba, bakinta naɗe da sabon tef. Ya bi ta da hannu ya ga inda ta nufa. Kowa a garejin ya san hannu ɗaya ne ke taɓa wutar motar nan.

Tsohon bai yi hayaniya ba. Ya tako har rumfar Likita, ya ajiye wayar a kan benci, ya ce, "Da mahaifinka na raye, da yau ya rasa inda zai sa fuskarsa." Ya juya. Masu taya shi kwance motar sun riga sun gani, kafin yamma babu wanda bai ji ba.

Daga nan komai ya fara zubewa. Shugabannin gareji suka zauna suka ce ya kwashe kayansa, ba za su zauna da wanda zai rantse a kan ƙarya ya tura mutum ga halaka ba. Mai facin da ke tsokanarsa kullum ko kallonsa bai yi ba ranar da yake ɗaure akwati. Ya je gidan Auta, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Kai ka ba shi ni, kai ka kwantar min da shi. Ka tafi, Yaya, yanzu zan juya shi ne, bayansa ya fara gyambo." Ta rufe ƙofa. Mahaifiyarsa ta tattara kayanta daga gidansa ta koma wajen Auta taya jinya. In ya je gaishe ta, amsa ɗaya take yi ta juyar da kai.

Ya koma wata unguwa mai nisa ya kafa rumfa inda ba a san shi ba. Nan kuma wani abu ya same shi da ba mutum ne ya ɗora masa ba. Hannunsa ya daina yarda da shi. Zai sa tsinin mita, lamba ta fito daidai, ya ce anya? Ya sake aunawa, ya sake. Gyaran fis da a da yake yi yana hira, yanzu sai ya wuni a kansa. In ya gama ya ba da makulli, mota ta fara tafiya, sai ya bi ta da gudu ya ce a tsaya ya ƙara dubawa. Masu motoci suka gaji, suka ce mutumin nan ba shi da lafiya. Rumfar ta mutu. Matarsa ta yi haƙuri iya haƙuri, ƙarshe 'yan uwanta suka zo suka tafi da ita da yaran, don gidan babu abin ɗorawa a wuta, ga shi ya zama mutum mai faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya sayar da na'urarsa, ya sayar da mitar. Wanda ake layi a gaban rumfarsa ya koma zama a bakin tasha da faranti, yana sayar da fis da tef da ƙwan fitila.

A nan tsohon bakaniken ya same shi wata rana. Ya ce, "Daga wajen mijin ƙanwarka nake. Ya ba ni saƙo." Likita ya sunkuyar da kai yana jiran tsinuwa. Tsohon ya ce, "Ya ce ba ya riƙe da kai a kan motar da ta gagare ka, don kowa akwai abin da ke gagararsa. Tambaya ɗaya ce ke hana shi barci. Ya ce me ya sa ba ka ce masa ba ka sani ba? Ya ce da ka faɗa, da ya ajiye motar ya jira ka, ko wata nawa ne."

Likita ya kifa kai a kan farantinsa ya yi kuka irin na wanda ya san kukan ba zai tayar da kowa ba.

Ya 'yan uwa, me ya halaka mutumin nan? Ba jahilci ba ne, don ya fi da yawa sani. Ba kwaɗayi ba ne, don ba abin da ya ci a motar nan sai wahala. Girman kai ne. Ya fifita dariyar mai faci a kan ƙafafun surukinsa. Ya ji kunyar mutane, bai ji kunyar Wanda ke ganinsa shi kaɗai a cikin mota lokacin da kowa ke sahu ba.

Duk wanda aka kawo wa abu ya gyara, amana aka ba shi. Mai mota ba ya ganin abin da ke bayan murfi. Majinyaci ba ya ganin abin da ke cikin allura. Mai gida ba ya ganin ƙarfen da magini ya rage a cikin ginshiƙi. Sun dogara da kai ne, kuma za a tambaye ka. In ka iya, ka yi da kyau. In ya gagare ka, ka faɗa, ka nuna wanda ya fi ka. Faɗin haka ba ya rage arzikin da Allah ya rubuta maka. Kada kuma ka sa sunan Allah ya zama tef ɗin da kake naɗe ɓarnarka da shi.

Sannan kowannenmu ya duba kansa. Wa ke gaya maka gaskiya ka toshe masa baki? Matarka ce, ko tsohon da ya ja ka gefe, ko zuciyarka da ke ƙyaftawa in za ka yi ba daidai ba? Toshe bakin mai gargaɗi ba ya warkar da ciwo, sai dai ya sa ka shiga gangare ba ka sani ba. Ƙofar tuba a buɗe take ga mutumin nan da mu baki ɗaya, amma haƙƙin mutane sai an je an nemi yafiyarsu, kuma akwai ɓarnar da ko an yafe ba ta gyaruwa a duniya.

Ya Allah, ka raba mu da girman kai da rantsuwar ƙarya. Ka ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu, ka sauƙaƙa wa harsunanmu faɗin gaskiya ko da za a yi mana dariya. Kada ka sa hannunmu ya zama sanadin kwanciyar wani bawanka. Allah ya kiyaye mu da zuri'armu, amin.